Idan an ce za a yi maka tiyatar ƙwaƙwalwa idonka biyu

Mutum na jin an ce za a buɗe masa kai yana farke sai gabansa ya faɗi, to kwantar da hankalinka, ita ƙwaƙwalwa kanta ba ta jin zafi ko an taɓa ta, fatar kai da tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwar su ne masu ciwo, su kuma ake kashewa da allura. Abin ma ba sabo ba ne, tun shekarun 1930 likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Wilder Penfield yake yi wa masu farfaɗiya haka a Kanada. Ana barinka a farke ne idan ƙarin da ya fito a ƙwaƙwalwa ko tushen farfaɗiyar yana dab da wurin magana ko motsi, don kar a yanke inda ba a so.

Aikinka yana farawa ne tun ranar da ka zauna da likitan barci, wato mai ba da maganin sa barci da kashe zafi lokacin tiyata. Kar ka ɓoye masa komai. In kana minshari mai tsanani har numfashi na ɗaukewa, ko tari ya dame ka, ko kai mai firgita ne in an rufe ka a ƙuntataccen wuri, faɗa, domin wani lokaci wannan kaɗai ya isa a sauya tsarin gaba ɗaya. Kawo duk magungunanka, musamman masu tsinka jini irin su aspirin da warfarin, shi zai ce ga ranar da za ka dakata. Na farfaɗiya kuwa kar ka kuskura ka daina da kanka. Abinci yawanci ana barinsa awa 6 kafin aiki, ruwa zalla awa 2, sai dai ka bi abin da asibitinka ya ce.

A ɗakin tiyata za a sa maka maganin barci ta jijiya, galibi propofol da remifentanil ko dexmedetomidine, shi wannan na ƙarshen ana sonsa saboda ba ya danne numfashi sosai. Sannan a bi jijiyoyin fatar kai, kamar guda 6 a kowane gefe, a kashe su da bupivacaine ko ɗan'uwansa, a kafe kan da ƙarfe mai fil 3. Wasu a kwantar da su gaba ɗaya sai an buɗe a tashe su, wasu kuma gyangyaɗi kawai za su riƙa yi. Ƙarar injin huda ƙashi fa akwai ta, ba daɗin ji amma ba ciwo.

Da an tashe ka za a ce ƙirga, faɗi sunan abin da ke hoton nan, motsa yatsu, shi kuma likita yana taɓa wurare da 'yar wutar lantarki. In magana ta sarƙe maka na ɗan lokaci kar ka tsorata, abin da ake nema ke nan, an gano wurin da za a kauce wa. Ko jijjiga ta taso, ruwan sanyi suke zubawa a wurin, yawanci ta tsaya.

Nan ne nake ganin masu dauriya suke cutar kansu. Ba wurin jarumta ba ne wallahi, ka ji zafi ko tashin zuciya ko ƙaiƙayi a hanci ko hannu ya yi nauyi, faɗa nan take, akwai wanda ke zaune kusa da fuskarka don wannan kawai. Tari ko atishawa in suna zuwa ka sanar kafin su fito. Kuma tun kafin a lulluɓe ka da zannuwan aiki ka ce a gyara maka filo da kafaɗa yadda ka ji daɗi, don in an kafe kai ba sauran juyi sai an gama.