Zana kiɗa a kan yadi: wuraren da hannu ke yawan kuskurewa

Duk yaron da ya zo koyon zane wurina a nan Yamai, ranar da na ce masa yau kiɗa za mu zana, abin da ke fara fitowa a yadinsa hoton kalangu ne. Wani ma har da makaɗin da hularsa. To ƙanena, ka zana makaɗi, amma kiɗan yana waje bai shigo ba. Zane marar siffa, irin wanda maƙwabta kan leƙo su ce "wannan kuma mene ne?", motsin sauti yake ɗauka. A farkon 1911 Kandinsky, mai zanen nan ɗan Rasha, ya je sauraron kiɗa a birnin Munik na Jamus, ya dawo ya kama aiki. Fiyano ya koma baƙin dunƙule a yadinsa, sautin kuwa ya zama ruwan ɗorawa da ya malale gefe guda.

Gyaran yana kunne. Ajiye buroshi, ka saurari kiɗa ɗaya sau uku ko huɗu hannunka na aljihu. Idan kalangu ne, lura da yadda makaɗi ke matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauko, kamar mutum na magana. Layinka ma haka zai yi, ya tashi siriri, ya faɗo da kauri. Goge kuwa izgar doki ce ke jan kuka ɗaya mai tsawo, saboda haka ka cika buroshi da fenti sosai, ka ja daga kafaɗa, kada layin ya tsinke a tsakiya don fenti ya ƙare. Gurmi ɗigo-ɗigo yake zuba. Wanda ya zana su ukun da hannu iri ɗaya, bai saurara ba.

Kuma don Allah a hana waya tsallakawa daga waƙa zuwa waƙa. Tablo ɗaya, wato zane ɗaya a kan yadi, kiɗa ɗaya, ko da zai kai mako.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne cika yadi maƙil. Na daɗe ina yin sa da kaina, ina ganin duk inda fari ya rage aiki ne bai ƙare ba. Wata rana na tsaya kusa da mai kakaki, na ga yadda yake sauke shi ya ja numfashi, jama'a kuma su yi tsit suna jiran na gaba. Wannan shirun yana cikin busar. Da na koma ɗaki na dubi zanena, sai na ga babu inda ido zai zauna ya huta, ko'ina hayaniya kamar Babbar Kasuwa a jajibirin salla. Tun daga nan nakan ware wurin da ba zan taɓa ba kafin in fara, nakan kuma ja baya taki biyar lokaci-lokaci in duba. Daga kusa komai kyau yake yi.

Zumuɗin kiɗa ne kuma ke jawo laka. Ganga ta yi zafi, hannu ya ɗebo ja ya aza kan kore tun bai bushe ba, ko shuɗi kan ruwan goro, sai a wayi gari da launin tabo. Zaɓi launi uku kafin ka kunna kiɗan, ka bar kowane shafi ya sha iska, ka kuma ajiye kofin wanke buroshi biyu. Ka tuna akirilik, wato fentin zane da ake sirkawa da ruwa mai saurin bushewa, yakan ƙara duhu idan ya bushe.

Sai kayan aiki, inda garinmu ke da nasa hali. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, akirilik ya ƙafe a faranti kafin waƙa ta kai rabi. Matso kaɗan-kaɗan, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma ƙarƙashin takardar da kake haɗa launi a kai, ka yi aiki da sassafe. Fentin mai yana kwanaki bai bushe ba, a hunturu kuwa ƙura na jiransa, don haka a jingine tablo fuskarsa na kallon bango, da ɗan tazara. Ana iya aza fentin mai a kan akirilik, amma akirilik a kan mai ɓarewa yake yi. Akokon da ka ɗaure a katakon da ka sayo Kasuwar Katako kuma, kada ka hau zane a kansa ba ka fara shafa masa farin share fage ba, zai shanye launin ya bar maka shi a dushe. Idan farin share fage na shago ya yi tsada, farin fentin bango na ruwa da ɗan gam na kafinta zai riƙe ka. Shafi biyu, na biyun a gicciye, ka bar shi ya kwana.