Atisayen ƙafa ga mai koyon ƙwallon tebur

Da zafin Jidda, gara ka bari sai bayan Isha'i, ka sha ruwa tukuna.

1. Yi tsallen igiya na minti 3.
2. Ware ƙafafu su ɗan zarce faɗin kafaɗa, ka lanƙwasa gwiwa, nauyinka a kan yatsu.
3. Faɗin teburin mita 1.525 ne kacal, ƙaramin taku biyu ya isa. Riƙa zamewa gefe, hagu zuwa dama, daƙiƙa 30, ka huta 30, sau 6. Kada ƙafafu su harɗe. Yawancin masu koyo hannu suke miƙawa, ƙafa na kafe, shi ya sa ƙwallon ke faɗawa raga.
4. Abokinka ya riƙa aiko ƙwallo kusurwa biyu. Bayan kowane bugu, koma tsakiya.

Silifas na zamewa, sa takalmi mai gindin roba.