Yadda Ake Wanke Tsohuwar Bindigar Harba-ka-ruga da Gyara Katakonta

Wanda ya sayi bindigar ɗure ta hannu a wurin wani mafarauci, ko ya gaje ta, ya fara da maganar takarda, domin Dokar Makamai ta 1959 ta lissafa irin waɗannan bindigogi a cikin makaman da hukuma ke sa wa ido, kuma a gari irin Jos, inda shingayen jami'an tsaro suke da yawa, yawo da ita ba tare da izinin 'yan sanda ba neman fitina ne.

Bayan haka sai a tabbatar babu ɗuri a cikinta, ko da mai sayarwa ya rantse cewa babu. A juya bakinta inda babu kowa, a zura sandar ɗure har ta tsaya, a yi wa sandar alama daidai bakin bututun, sannan a zaro ta a jera ta da bututun ta waje. Idan ƙarshen sandar bai kai 'yar ƙofar da wuta ke shiga ba, akwai abu a ciki. Albarushi yana iya shekaru bai mutu ba, saboda haka kada a harba don a gwada, kada kuma a kusantar da ita ga wuta. A tsiyaya ruwa a ciki ya jiƙa ɗurin, a kai wa maƙerin da ya san aikin ya fitar da shi.

Daga nan a kwance bututun da kunamar daga jikin katakon, a adana ƙusoshin a cikin gwangwani, domin na ƙirar hannu ba a samun madadinsu a shago.

Wankin bututun shi ne inda mutane suka fi kuskure, domin hannunsu ya fi saurin kai wa ga baƙin mai. Dattin da albarushi yake bari gishiri ne mai jan laima, kuma ruwa ne yake narkar da shi, man inji kuwa sai dai ya cakuɗe da shi ya zama danƙo. A tafasa ruwa, a sa ɗan sabulu a bokiti, a tsoma gindin bututun, a naɗa tsumma a kan sandar a riƙa turawa ana jawowa. Ruwan farko zai fito baƙi ƙirin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ƙibiritun da ke cikin albarushi ne yake kawo shi. A ci gaba da sauya ruwa har ya fito garau, a ɗauraye da tafasasshen ruwa zalla domin zafin ƙarfen ya taimaka wajen busarwa, a bi da busassun tsummoki nan take, sannan a shafa mai kaɗan. A daminar Jos, bututun da aka bari da danshi da yamma yana iya wayar gari da jan tsatsa.

Idan ya bushe a haska cikinsa da tocila. Tsatsar sama tana fita da soson ƙarfe mai laushi da man keken ɗinki, amma ramuka masu zurfi, ko tsaga, ko kumburi a jikin bututun, alama ce cewa ƙarfen ya gaji, kuma irin wannan bindiga ta zama ta rataye a bango kawai. Kunamar kuwa tsohon buroshin haƙori da ɗigon mai sun ishe ta, kada a goga mata zarto.

Katakon ya fi son haƙuri. A kankare tsohon fenti, a goge da samfefa mai lamba 120, sannan 220, a ƙare da 320, kullum ana bin tsawon itacen. Inda ya lotsa, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a danna dutsen guga mai zafi, tururin zai ɗago wurin. Ƙaramar tsaga, wadda bushewar hunturu take yawan jawowa, ana cika ta da gam ɗin kafinta a ɗaure da robar tayar keke ta kwana, amma idan tsagar tana wuyan katakon, inda bugun harbi yake sauka, sai an kai wa gwani. A ganina bai kamata a goge kowane tabo ba, musamman zanen da maƙeri ko mai ita na farko ya yi.

Man da ya dace da katakon shi ne linsid, wato wani man tsiro da ake shafa wa itace, wanda za a iya tambayar kafintocin Kasuwar Katako ta Jos inda ake samunsa. A ɗiga kaɗan a tafin hannu a murza har itacen ya yi ɗumi, a share ragowar bayan minti 20, a bar shi kwana guda a inuwa kafin a sake, kamar sau biyar ko shida. Tsumman da ya sha wannan mai yana iya kama wuta da kansa idan aka dunƙule shi, don haka a shanya shi a fili ko a jefa shi cikin ruwa.

Idan an harhaɗa ta, a ajiye ta babu ɗuri, a wuri mai makulli da yara ba sa kaiwa, albarushi kuma a wani ɗaki dabam. Bayan kwana uku a sake zura tsumma mai tsabta, idan ya fito da ja a maimaita wankin.