Yadda na daidaita kaifin hoto a kyamarar 4x5

Alhamdulillahi, matsalar ta kau. Doguwar darduma ce shimfiɗe a ƙasa nake ɗauka da kyamarar 4x5, wato babbar kyamara mai fim inci 4 da inci 5, da lens mai milimita 150. In bakinta na kusa ya fito tas, na nesa sai ya yi dishi-dishi. In na gyara na nesa, na kusa ya tafi.

Na fara matse ƙofar haske, wato ramin da haske ke shiga ta cikin lens, har f/64 (yawan lambar, ƙanƙantar ramin). Hoton ya yi laushi gaba ɗaya, domin haske kan bazu idan ramin ya yi ƙanƙanta sosai. Ja da baya ma bai taimaka ba.

Maganin yana cikin ƙa'idar Theodor Scheimpflug, hafsan sojan Austiriya da ya yi mata rajista a 1904: idan aka sunkuyar da lens, shimfiɗar fim da ta lens da ta wurin da kaifi yake duk suna haɗuwa a layi ɗaya. Wato kaifin yana iya kwanciya a kan dardumar kanta.

Na mayar da duk saitin sunkuyo na kyamarar sifili, na buɗe ƙofar haske duka. Na saita bakin nesa, sannan na sunkuyar da allon gaba, wanda lens ke jikinsa, a hankali har na kusa ya fito, ina dubawa da gilashin ƙara girma. Na sake saita nesa, na rage sunkuyon kaɗan, har biyun suka zauna tare. Lens ɗin yana mita 1.5 daga ƙasa, don haka sunkuyon digiri 6 kacal ya isa. Wuce gona da iri ne ke ɓata aikin.

Daga nan na rufe zuwa f/22, na ɗauka.