Furoksin wurin aiki: manhaja ɗaya ta buɗe, ɗaya ta ce babu intanet

Akwai jami'o'i da ma'aikatu a ƙasashen waje da ba sa barin kwamfuta ta fita intanet kai tsaye, sai ta bi ta furoksi, wato wata kwamfuta a tsakiya da ke karɓar buƙatarka ta miƙa. Za a ba ka adireshi da lambar ƙofa, galibi 8080 ko 3128. In Linux aka ɗora maka, ga inda sababbin zuwa ke tuntuɓe.

Kowace manhaja gadon bayanai irin su http_proxy da https_proxy, masu ɗauke da adireshin furoksin, take yi daga abin da ya tayar da ita, kuma lokacin tashi kaɗai take karɓarsu. Shi ya sa za ka rubuta export http_proxy a .bashrc, fayil ɗin da taminal (tagar rubuta umarni) ke karantawa in ka buɗe ta, ka ga manhajar wget na sauke kaya lafiya lau a taminal, amma manhajar da ka danna daga jerin allo ta ƙi motsi. Ita ba ta bi ta .bashrc ba. Daga zaman da aka buɗe maka lokacin da ka sa kalmar sirri ta fito. To, ka rubuta layukan a /etc/environment, kuma a nan ba a sa export. Ko ka yi fayil mai ƙarewa da .conf a ~/.config/environment.d, in systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan Linux, ke riƙe da zaman. Daga nan ka fita gaba ɗaya ka sake shiga, rufe taga kawai bai isa ba.

Yi amfani da ƙananan baƙaƙe, don curl, wata manhajar sauke kaya, da gangan take watsi da HTTP_PROXY mai manya, saboda tsaro. Kada ka manta no_proxy, jerin adireshin da ba za su bi ta furoksi ba: sa localhost da 127.0.0.1 (wato kwamfutarka) da sunan yankin intanet na jami'ar ko ma'aikatar, in ba haka ba shafukan cikin gida ma sai su nufi furoksin.

sudo kuwa, umarnin da ke ba ka ikon mai gudanar da kwamfuta, yakan share waɗannan bayanai, don haka apt, mai ɗora manhajoji, gara a ba ta nata layin, Acquire::http::Proxy, a /etc/apt/apt.conf.d. Firefox tana da nata saitin, duba shi daban.

Mai laftof ya kiyaye: ka koma masauki da layukan nan a /etc/environment, manhajojin za su yi ta neman furoksin da ba ya wurin. A ganina laftof gara a saita mata furoksin a saitin GNOME, wato fuskar allon Linux, inda ake kunnawa a kashe cikin sauƙi.