Yadda Ake Tayar da Tsohuwar Taraktar Lambu da ta Daɗe a Ajiye

Duk sabon shiga da na gani ya samu tsohuwar taraktar lambu, ɗayan abu biyu yake fara yi: ko ya ɗaura sabon batir ya murɗa makulli, ko ya tafi sayen fenti. Duka biyun kuskure ne. Ƙananan taraktocin nan, irin Cub Cadet da kamfanin International Harvester ya fara fitarwa a 1961, ko John Deere 110 ta 1963, da ƙarfe mai kauri aka ƙera su, kuma da yawansu injin Kohler mai silinda ɗaya ne a ciki. Suna jure shekaru, amma ba sa jure gaggawar mai gyara.

Kafin ka taɓa sifana, ɗauki hoton kowane ɓangare da wayarka, musamman wayoyin wuta da ƴan sifirin ɗin da ke jikin kafireta. Ka kwafe lambar da ke kan farantin injin, da ita za ka nemi kayan gyara.

Daga nan cire fulogi, ka zuba mai mai narkar da tsatsa kamar cokali biyu a ramin, ka juya injin da hannu. In ya ƙi motsi, ƙyale shi ya kwana biyar ko mako guda, kullum kana ɗan gwada shi gaba da baya. Kada ka tilasta shi da sitata, ringin fistin za ka karya. In ya juya, tsiyaye tsohon baƙin mai ka dube shi da kyau. Mai launin madara yana nufin ruwa ya shiga, ɓurɓushin ƙarfe kuma yana nufin sai an buɗe injin. Ni baƙin mai mai lamba SAE 30 kawai nake zuba wa irin waɗannan. Buɗe murfin ƙarfen da ya rufe injin ma, domin iska ce ke sanyaya shi, ɓeraye kuma suna son yin sheƙa a nan.

Gwajin wuta ba shi da wuya: manna fulogi a jikin injin, ka juya, ka nemi tartsatsi shuɗi. In babu, goge kan fayin, wato ƴan ƙarafan nan biyu da ke haɗuwa suna rabuwa don fulogi ya ba da wuta, tazararsa a injin Kohler K inci 0.020 ce. Wani lokaci kuma makunnin kariya na ƙarƙashin kujera ko na birki ne ya mutu.

Yanzu ga inda ni na sha wuya, hanyar fetur. Fetur ɗin da ya shekara a tanki yakan zama danƙo mai wari, ya toshe ƙananan ramukan kafireta. Kowa ya san a wanke kafireta. Na wanke tawa tas, injin ya tashi, ya yi minti goma ya mutu. Na sake wankewa, haka. Sai a karo na uku na haska tocila cikin tanki, na ga tsatsa ta yi laka a ƙasansa. Ashe ina wankewa, tanki yana mayar da datti.

Saboda haka daga tanki za ka fara. Cire shi, ka zuba notuna cikin hannu da ɗan kananzir, ka girgiza har hannu ya gaji, ka zubar, ka maimaita sai ya fito fes. Ka bar shi ya bushe ƙarau, kuma kada wuta ta kusance shi, balle walda. Tiyon fetur kuwa kada ka tsaya dubawa, canza shi kawai, kuɗinsa bai kai ɓacin ran da zai jawo maka ba, don daga ciki yake ruɓewa. Sa sabuwar matatar fetur a tsakani. In tankin yana sama da injin kuma babu famfo, nemi matatar da aka yi don haka, mai matsi sosai za ta hana fetur sauka.

Sai kafireta. Kafin ka cire allurar saiti, ɗaure ta a hankali kana ƙirga juyi har ta tsaya, ka rubuta adadin, a nan za ka mayar da ita. Girgiza bulon da ke yawo a kan fetur cikin kofin kafireta kusa da kunnenka, in ka ji ruwa a ciki ya huje. Ramukan kuma da silin wayar tagulla ake bi, wayar ƙarfe tana faɗaɗa su, injin ya riƙa shan mai yana hayaƙi. Gasket sabo za ka sa.

In ya tashi ya zauna daram na rabin awa, sauran aikin mai sauƙi ne. Canza bel ɗin da ya tsage, duba birki da man giya, sa giris a duk inda ke da kan giris, tayar da ta fashe a sa mata tub. Wuƙar yankan ciyawa a wasa ta, amma cire wayar fulogi kafin ka kai hannu ƙasa. Fenti shi ne na ƙarshe, bayan ka yi aiki da ita na ƴan makonni ka ga inda take ɗigar mai.