"May Allah blesses you" da sauran kurakuran da muke tafkawa da can, must da would

Duk ranar da aka yi rasuwa ko aka ɗaura aure ko wani ya samu muƙami, leƙa Facebook ka ga addu'o'i na ta zuba da Turanci: May Allah blesses you, May Allah grants him Aljanna, May Allah continues to guide you. Niyya kam mai kyau ce, Allah ya amsa, amma s ɗin nan ba ta da gurbi a wurin. Daidai shi ne May Allah bless you, grant him, continue to guide you.

Kalmar may tana cikin wani ƙaramin gida da malaman Turanci ke kira modal verbs, su ne can, could, may, might, must, shall, should, will, would, sai ought to da ke raɓe a gefe. Aikinsu rakiyar aikatau ne, su nuna iyawa ko izini ko tilas ko yiwuwa. Kuma dokarsu ɗaya ce mai sauƙi, duk aikatau ɗin da ya biyo bayansu zai zo ne a yadda yake, ba hula ba rawani, ba s ba ed ba ing, ba kuma to a gabansa in ban da ought. Su kansu ma ba sa ɗaukar s, babu wani abu wai shi he cans. Ni dai a ganina laifin na firamare ne, an ɗura mana he goes, she eats da bulala har hannu ya saba, da ya hango he ko she sai ya liƙa s ko ba a tambaye shi ba. Daga nan ne ake samun He can drives, da I must to go, da He could not came. Gyaransu: He can drive, I must go, He could not come. Could ɗin ya riga ya ɗauke nauyin nuna abin ya wuce, ba sai ka ƙara wa come wahala ba.

Akwai wanda kuma Hausarmu ce ke jawo shi kai tsaye. Mu muna cewa "zan iya", sai mutum ya jera su ɗaya bayan ɗaya ya ce I will can. A daidaitaccen Turanci biyu daga gidan nan ba sa zama kujera ɗaya, sai dai I will be able to. Wasu kuma garin gudun wannan sai su faɗa I can be able to, wanda kaman ka ce "zan iya iyawa" ne, zaɓi ɗaya kawai.

To amma duk waɗannan kunya kawai za su ba ka, mai sauraro zai gane nufinka. Wanda ke ɓata zance gaba ɗaya shi ne must not. Mun san must shi ne "dole", sai mu ɗauka must not shi ne "ba dole ba ne", alhali hani ne, ma'anarsa "kada ka kuskura". Wani abokina ya taɓa gayyatar wani Bature da suke aiki tare sunan ɗansa, da ya ga mutumin aiki ya masa yawa sai ya so ya sauƙaƙa masa, ya tura masa saƙo wai you must not come, shi a ransa cewa ya yi ba lallai ka wahalar da kanka ba, Baturen kuwa ya karanta an ce kar ya sake ya taka ƙafarsa gidan, kwana biyu yana ɗari-ɗari da shi kafin aka gano bakin zaren. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne you don't have to come ko you needn't come. Ka riƙe wannan da kyau musamman in kana karanta takardar cikin kwalin magani, in ka ga must not ba zaɓi aka ba ka ba.

Must ɗin ma ba shi da sigar abin da ya wuce, ba a cewa Yesterday I must go to Zaria, sai I had to go. Dalilin kuwa, a tsohon Turanci must ita ce sigar da ta wuce ta wata kalma da ta mutu tuni, shi ya sa ba ta da inda za ta ƙara komawa baya. In kuma ka ji He must have left, ba tilas ake magana ba, hasashe ne, "lallai ya tafi, ga shi babu motarsa". Kishiyarsa He can't have left, "ba yadda za a yi a ce ya tafi". Kuma bayan have sai siga ta uku ta aikatau (kaman gone a go, went, gone), should have gone, ba should have went ba.

Sai would, wadda ma'aikatan ofis suka ɗauke ta wata will mai babbar riga. Za ka ga sanarwa an manna: The meeting would take place on Monday. Wanda ya san Turanci zai tsaya yana jiran ƙarashen zancen, za a yi taron in me ya faru? In dai an tsayar da rana, will ce. Hanyar da nake koya wa yara ita ce, would tana tafiya da "da... da" ɗinmu na Hausa. Da ina da kuɗi da na sayi mota: If I had money, I would buy a car. Da na sani da ban je ba: If I had known, I would not have gone. Ka lura would ba ta shiga ɓangaren if, masu rubuta If I would have known a jarrabawar WAEC ko IELTS su ne ke gane da-na-sani ƙeya ce in sakamako ya fito.

Inda would da could suke da daɗi shi ne wajen ladabi. Mu in za mu roƙi babba cewa muke "ko za ka taimaka min da...", wannan "ko za ka" ɗin shi ne Could you ko Would you. Amma ɗalibi zai tura wa farfesa imel yana neman gurbin karatu a Ingila ya rubuta You should send me the form, ko I want you to reply, shi bai san umarni ya bayar ba. Could you please send me the form ta wadatar, ba sai an jera please uku ba.

Shall kam ba zan ɓata lokaci kanta ba, a hira kusan sai a tayi irin Shall we go? A takardun doka ne take da ƙarfi, a cikinsu tilas take nufi, kaman sashe na 14 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 da ya ce tsaro da walwalar jama'a shall be babban maƙasudin gwamnati. Ko ana bi ko ba a bi wannan kuma hirar wata rana ce.

Wutsiyar tambaya ma tana kayar da mutane. Mu "ko ba haka ba?" ɗaya ta ishe mu komai, shi ya sa muke liƙa isn't it a ko'ina. Su kuma maimaita ɗan rakiyar suke yi: He can swim, can't he? You won't tell her, will you? Should in case da ake yawan ji a nan gida ita ma ninki ce, ko dai in case it rains ko should it rain. Should of kuwa ko Turawan kansu suna rubuta shi saboda haka should've ke fita a baki, dan haka in ka gan shi a rubutun wani ɗan Amurka kar ka kwafa wai ai mai harshen ne ya rubuta, should have ne.